Santimita 16 da aka cinye mana: tarihin kujerar Fijo 504

1/ Jiya daga Lambar Bakura zuwa Sakkwato, mu huɗu a gidan baya na Golf, gwiwata manne da ƙarfen kujerar gaba. Da na sauka sai da na daɗe tsaye kafin ƙafar ta yarda tawa ce. Duk hanya tunanin tsohuwar Fijon Kawu nake, wadda ke fake ƙarƙashin darbejiya a gida. Zare ne, ku biyo ni.

2/ Peugeot 504 ta fito a Faransa a 1968, aka zaɓe ta motar shekara ta Turai a 1969. Kamfanin Pininfarina na Italiya ya zana ta. Abin da aka fi yaba mata shi ne zama: kujera mai kauri da laushi, da sifirin mai tsawo da ke shanye rami kafin ya iso ga ƙugunka.

3/ Yanzu ku riƙe lissafin nan, don shi ne zancen duka. Wurin miƙe ƙafa a mota yana farawa ne daga tazarar da ke tsakanin tayar gaba da ta baya. A 504 salun, mita 2.74 ce. A wagon, 2.90. A coupé, mai ƙofa biyu ta 'yan gayu wadda ta fito a 1969, 2.55 kawai.

4/ Wato don coupé ta yi kyau ta kuma iya shan kwana, santimita 19 aka datse mata. Na gaba ya sha daɗi, na baya ya naɗe ƙafa. Ita ce ta ci gasar Safari ta Kenya a 1978, Jean-Pierre Nicolas na tuƙi. Salun ɗin kuwa ta riga ta ci a 1975 a hannun Ove Andersson.

5/ Wagon kuma ƙari aka yi mata: santimita 16 a kan salun, da ƙarin jiki a baya, har layi uku na kujeru suka shiga. Don mai iyali aka yi ta. Ita ce ta zama motar tashar Arewa.

6/ A 1975 aka buɗe masana'antar PAN a Kakuri, Kaduna. Lokacin kuɗin fetur ne, ga kuɗin Udoji a aljihun ma'aikata. Gwamnatin Obasanjo ta soja kuma ta mai da Fijo motar jami'an gwamnati. Faransa ta daina salun ɗin a 1983, Kaduna ta ci gaba da haɗa 504 har 2006.

7/ Mu nan, zamanin ya haɗu da aikin dam ɗin Bakalori, wanda aka gama a 1978. Ma'aikata da 'yan kasuwa suka cika Mafara. A lokacin Kawu ya kama tuƙin Mafara zuwa Sakkwato. Ya ce: “Ɗana, da farko gidan gaba mutum ɗaya ne. Dattijo zai miƙe ƙafa ya ja carbinsa har barci ya ɗauke shi.”

8/ To me ya faru? 1986. Babangida ya kawo SAP, naira ta faɗi. Taya, fiston, batir, komai da kuɗin waje ake sayo shi. Fasinja ba zai iya biyan ninki ba, direba ba zai yi tafiyar asara ba. Abu ɗaya ya rage da za a iya sayarwa sau biyu: wurin zama.

9/ Nan masu walda da masu ɗinkin kujera suka shigo. Yadda Kawu ya ba ni labari: a kwance kujerar tsakiya a tura ta gaba, don ta baya ta samu ɗan wuri. A cire wayar sifirin da ke cikin kujera idan ta tsinke, a shimfiɗa katako, a ɗora siririn soso, a lulluɓe da leda. A cusa matashi kan birkin hannu, gidan gaba ya zama na mutum biyu.

10/ Sai lissafi ya koma biyu gaba, huɗu tsakiya, uku baya. Kuma duk wanda ya taɓa zama gidan baya na wagon ya san azabar: kujerar tana saman tayoyin baya, daɓen ya ɗago, gwiwa na neman haɓa, kai na gaisawa da rufi a kowane rami. Wallahi ba don ƙattin maza aka yi wurin nan ba.

11/ Ban ga laifin Kawu ba, iyali yake ciyarwa. Amma abin da ke ci mini rai shi ne mun gaji matsin ba mu gaji motar ba. Fijo ta tafi, motocin Kwatano suka zo, Golf ƙarama ce a kanta nesa ba kusa ba, amma huɗu a baya na nan daram. Na biyun gidan gaba ba shi da bel, ƙafarsa na kan giya. Tsofaffinmu masu ciwon gwiwa haka ake kai su asibiti Sakkwato.

12/ Hutun nan ni da ƙanena mun ɗauki aikin gyara ta Kawu. Ba injin muka fara da shi ba, kujeru. Mai walda zai mayar da ta tsakiya kan ramukan ƙusarta na asali, suna nan, tsatsa ce kawai ta toshe su. Katako zai fita. Soso hawa biyu, mai tauri a ƙasa, mai laushi a sama, gaban kujerar ya ɗan fi bayanta tudu don cinya ta samu madogara. Bayan kujerun gaba a ɗan rarake shi saboda gwiwar na tsakiya.

13/ Gardama ɗaya ta rage. Ni na ce a cire gidan baya gaba ɗaya, wurin ya zama na kaya. Kawu ya ce kul, a nan ya ɗauko Inna ranar da ta tare. Idan akwai wanda ya san inda ake samun ƙarfen zamiyar kujerar gaba na 504 a Gusau ko Sakkwato, don Allah ya taɓa ni.