Hatsarin jiragen ƙasa na Odisha (2023)

Hatsarin jiragen ƙasa na Odisha karo ne da ya rutsa da jirage uku ranar 2 ga Yuni, 2023, kusa da tashar Bahanaga Bazar da ke gundumar Balasore ta jihar Odisha a gabashin Indiya. Jirgin fasinja na Coromandel Express, mai zuwa Chennai, ya samu alamar wucewa ta babban layi, amma ya faɗa layin gefe, ya afka wa jirgin dakon tama da ke tsaye. Taragunsa da suka kauce suka bugi wani jirgin fasinja mai zuwa Howrah. Mutum 296 suka rasu, fiye da 1,000 suka jikkata. Binciken hukuma ya danganta hatsarin da kuskuren haɗa wayoyin na'urar ba da alama.