Me ya sa mai sana'ar kansa a Birtaniya ba ya cin kuɗin rashin aiki?

1/ Jama'a, a Birtaniya in mai sana'ar kansa ya rufe shago ya shiga neman aiki, yawanci inshorar rashin aiki ba ta biyansa. Tsohon zance ne.

2/ A 1911 aka kafa inshorar, amma don wasu 'yan ƙwadago kaɗai, irin su magina da masu ƙera jiragen ruwa, kimanin mutum miliyan 2.25.

3/ Bayan rahoton Beveridge na 1942, dokar 1946 ta kasa masu zubi aji-aji: ɗan albashi Aji 1, mai sana'ar kansa Aji 2. Aji 2 na da fansho da kuɗin rashin lafiya, ban da na rashin aiki.

4/ Dalili? Ɗan albashi maigida ne ke sallamarsa, akwai shaida. Mai shago fa, wa zai tabbatar kasuwa ce ta mutu, ba ganin damarsa ba ne?

5/ A 1996 tallafin ya koma Jobseeker's Allowance, sharaɗin zubi bai canja ba. Yau mafita Universal Credit ce, ita kuma aljihu take dubawa: ajiyarka ta haura fam 16,000, ba ka samu.

6/ Wanda ke can, kafin ka rufe shago, duba ko ka zuba Aji 1 a shekarun haraji biyu na baya.