Ɗaukar hoton taurari: saitin kyamara da yadda ake gano matsala

Akasarin waɗanda suka fara ɗaga kyamara sama da dare kan koma gida da baƙin hoto wanda babu komai a cikinsa, ko kuma wasu fararen tabo da ba su yi kama da taurari ba. Daga nan sai a ɗora wa kyamarar laifi, a shiga tunanin sayen mai tsada, alhali lafiyarta ƙalau. An ƙera ta ne ta yanke wa kanta hukunci da rana, inda haske ya wadata. Da dare kuwa tilas mai ita ya karɓi ragamar.

Za a fara da juya maɓallin sama zuwa M, a kashe filasha, a ɗora kyamarar a kan maɗori mai ƙafa uku. A buɗe ƙofar hasken gilashi iyakarta, wato a zaɓi lamba mafi ƙanƙanta: f/2.8 idan akwai, ko f/3.5 a gilashin milimita 18 zuwa 55 da ake sayar da yawancin kyamarori da shi. ISO ya tsaya tsakanin 1600 da 3200. A adana hoton a tsarin RAW, domin JPEG kan zubar da raunanan hasken da za a buƙata wajen gyara.

Inda aikin yake shi ne tsawon lokacin da kyamara za ta tsaya a buɗe. Duniya tana juyawa digiri 15 a kowace awa, don haka tauraron da aka daɗe ana ɗauka zai fito kamar an ja layi. Masu wannan harka suna da lissafin da suke kira dokar 500: a raba 500 da tsawon gilashi. Sai dai an gina lissafin ne a kan babbar sensa. Mai ƙaramar sensa ta APS-C zai fara ninka tsawon gilashinsa da 1.5, ko 1.6 idan Canon ce. Gilashin milimita 18 zai zama 27, wanda ke ba da kimanin sakan 18. Na milimita 50 kuwa bai kai sakan 7 ba.

A Najeriya ma ya kamata a rage. Ƙasar tana tsakanin digiri 4 da 14 arewa da layin da ya raba duniya biyu, kuma taurarin da ke ratsa saman kanmu su ne suka fi saurin tafiya a cikin hoto. Taurarin nan uku da ke jere a tsakiyar Orion na cikinsu. Ga su, da ma duk kyamarar zamani mai yawan fiksel, raba 300 ya fi raba 500 aminci.

Siffar tauraro ita ke faɗin laifin

Bayan hoton farko, a zuƙo tauraro ɗaya a allon kyamara a dube shi da kyau. Idan duka taurarin sun zama gajerun layuka masu fuskantar wuri guda, lokaci ya yi yawa. Idan layin ya yi lanƙwasa ko ya yi kamar ƙugiya, girgiza ce: ko iska ta kaɗa maɗori, ko yatsa ya motsa kyamara wajen dannawa. Maganinta a sa jinkirin sakan 2, a kuma kashe na'urar hana girgiza, wadda Canon ke rubuta wa IS, Nikon kuma VR, domin a kan maɗori tana iya haddasa abin da aka yi ta don hanawa.

Idan tauraro ya kumbura ya zama ƙwallo, wani lokaci har da duhu a tsakiyarsa, fokas ne bai zauna ba, kuma wannan ya fi kowane kuskure cin dare. Fokas na atomatik ba ya gani a duhu, alamar ∞ da ke jikin gilashi kuma ba abin dogaro ba ce. A mayar da gilashi MF, a nemi tauraro mai haske a allo, a zuƙo shi sau goma, sannan a riƙa murɗa zoben a hankali har ya koma ɗigo mafi ƙanƙanta. Sai a manne zoben da salatif. A sake dubawa bayan awa guda, domin sauyin zafi da sanyi kan gusar da shi. Taurarin gefen hoto da suka yi fiffike kamar tsuntsaye kuwa aibin gilashi ne. A ɗan rage ƙofar, misali daga f/1.8 zuwa f/2.8.

Hoton da ya fara garau sannan ya riƙa dusashewa, raɓa ce ta kwanta a kan gilashi. An fi fama da ita a kudu da kuma lokacin damina. Gogewa ba ta wuce minti kaɗan. Abin da ke aiki shi ne hular gilashi da kuma ɗan ɗaurin ɗumamawa da ake jona wa fawa-bank. Su kuwa jajaye da shuɗayen ɗigon da ke fitowa a wuri ɗaya a kowane hoto ba taurari ba ne, zafin sensa ne, kuma dararen Maris da Afrilu na ƙara su. A rufe gilashi a ɗauki wasu hotunan duhu da saiti iri ɗaya, manhajoji na kyauta irin su DeepSkyStacker, Sequator da Siril za su cire ɗigon. Su ne kuma ke haɗa hotuna da yawa su zama ɗaya: hoto 16 na rage ƙura-ƙuran hoton ninki huɗu.

Yanayin ƙasar nan yana da nasa sharaɗin. Da hunturu babu gajimare, Orion da Kaza da 'Ya'yanta suna sama, amma hazo na watsa hasken gari ya cika samaniya da shi, kuma ba ISO ɗin da zai gyara wannan. Kada a sauya gilashi a fili a irin wannan lokaci, ƙura za ta sauka a kan sensa. Tsakiyar Milky Way, wadda kowa ke sha'awa, tana fitowa ne daga wajen Maris zuwa Oktoba, wato da damina. Daren da ya biyo bayan ruwa mai ƙarfi, idan gari ya washe kuma babu farin wata, shi ne abin nema. Wanda zai fita bayan gari ya tafi da abokai, ya kuma sanar da mai unguwa, domin baƙo da ƙarfe mai ƙafa uku cikin duhu abin tuhuma ne.

Mai niyyar sayen na'urar da ke bin tafiyar taurari ya san cewa ana saita ta ne da tauraron arewa, Polaris, wanda tsayinsa a sama daidai yake da digirin garin da mutum yake: kimanin 6 a Legas, 9 a Abuja, 12 a Kano. Bishiya ɗaya ko hazo ya isa ya ɓoye shi, sai an haɗa da kamfas da manhajar waya.

Wata kuwa hukuncinsa daban, domin hasken rana ne a jikinsa. Saitin taurari zai mayar da shi farin faifai. Idan ya cika, a fara da f/11, ISO 100, da kashi ɗaya cikin ɗari na sakan. Mai neman jinjirin wata ya jira rana ta faɗi gaba ɗaya kafin ya juya dogon gilashi yamma, domin haskenta ta cikin gilashin na iya ƙona sensa, ya kuma lahanta ido har abada.