Darasin Abdou Moumouni a tsakar gida

An haifi Abdou Moumouni a Tasawa a 1929. Ya yi karatun kimiyya a Faransa, kuma daga 1969 ya shugabanci ONERSOL a Yamai, inda aka ƙera murhu da na'urar ɗumama ruwa masu aiki da zafin rana. Tun 1964 littafinsa kan ilimi a Afirka ya koka da makarantar da ta raba yaro da harshensa da aikin hannu.

Iyaye da malaman Filinge da ƙasar Kurfey, itacen girki sai ƙara nisa yake yi. Mu gwada darasinsa a gida: a zuba ruwa a gwangwani biyu, a shafa wa ɗaya baƙin tukunya, a shanya su da hantsi. Da azahar yaro ya tsoma yatsa, ya faɗi wanne ya fi zafi, da dalili.