Shigar da Abin Dogaro a Manhajojin Waya

Shigar da abin dogaro dabara ce ta rubuta manhaja, inda sashe ba ya ƙirƙirar kayan aikin da yake bukata da kansa, sai a miƙo masa su daga waje. Martin Fowler ne ya yaɗa sunan dabarar a wata muƙala ta 2004.

A manhajar waya, shafin da ke nuna saƙonni yana bukatar rumbun bayanai da hanyar intanet. Idan miƙo masa su aka yi, ana iya sauya rumbun gaske da na gwaji ba tare da an taɓa shafin ba. Nan amfaninta ya fi fitowa.

A Android akwai tangarɗa: tsarin wayar ne ke gina shafukan, ba mai rubuta manhajar ba, don haka miƙo musu kayan aikinsu ba shi da sauƙi. Dagger, wani kayan aikin shigar da abin dogaro wanda kamfanin Square ya fara kuma Google ya ci gaba da shi, yana haɗa sassan tun lokacin harhaɗa manhajar, amma koyonsa na da wuya. Shi ya sa Google ya fito da Hilt a 2020 don sauƙaƙa amfani da shi. Masu amfani da harshen Kotlin suna da Koin, na Swift kuma Swinject.