DAGA BALAYARA ZUWA JAMI'A: TARIHIN HANYAR DA ƊIYANMU KE BI

 

Duk shekara idan damina ta kama, sakamakon bak ya fito, wayoyi sukan yi ta shigowa gidan rediyo: a gaida wane ya samu, a taya gidan wane murna. Bana wani dattijo ya kira ni bayan an rufe shiri. Ɗiyarsa ta samu bak, amma ba gaisuwa yake so ba. Ya ce: "Ɗana, ita wannan jami'ar da ake faɗi, ta san da mu kuwa? Ko mu kaɗai muka san da ita?" Na ce: "Baba, ba ni lokaci in bincika." To, ga abin da zan iya ce masa, kuma da ku duka nake.

Zamanin Nasara babu jami'a ko guda a Nijar. Lakkwal ɗin ma ba da son rai ake shigarta ba. Kwamandan yakan aiko wa sarki cewa yana son yara kaza, iyaye su yi ta ɓoye ɗiyansu cikin rumbu ko a tura su daji wajen bisashe. Yaron da aka kama, in yana da ƙoƙari, daga lakkwal ta gari sai a kai shi Yamai. In ya fi kowa, sai Senegal, makarantar Wiliyam Ponti da ke tsibirin Gore, wadda daga baya aka maida ta Sebikotan. Can Bubu Hama ya yi karatu, can Diori Hamani da Jibo Bakari suka yi. Wasu kuma hanyar soja aka bi da su, kamar Seyni Kunce ɗan Fandu, wanda aka haifa a 1931, aka kai shi makarantar yaran soja ta Kati, cikin ƙasar da ake kira Mali yau. Ku duba nisa. Yaro ya bar Dallol Boso, sai bakin teku ko gindin duwatsun Bamako.

Lokacin da aka samu 'yancin kai a 1960, yaran da ke lakkwal ba su kai biyar cikin ɗari ba. Ɗan kaɗan da suka kai ga bak, sai su wuce Dakar ko Abijan ko Faransa da kuɗin gwamnati. A 1971 aka buɗe cibiyar karatu mai zurfi a Yamai, ta zama cikakkiyar jami'a a 1973. Shugabanta na farko shi ne Bubakar Ba, masanin lissafi. Daga baya Abdu Mumuni, haifaffen Tasawa a 1929, masanin hasken rana, ya shugabance ta. Tun 1964 ya wallafa littafi kan ilimi a Afirka, inda ya nuna cewa makarantar da ta juya wa harshen jama'a da rayuwarsu baya ba za ta yi nisa da su ba. Ya rasu a 1991, aka sa wa jami'ar sunansa a 1992. A 1986 kuma Jami'ar Musulunci ta Sayi ta fara aiki, ita ma cikin jiharmu ta Tilaberi.

To, wace igiya ce ta ɗaure wannan jami'a da kwalej da lise na karkara? In ka duba tarihi, igiya uku za ka gani. Ta farko, babbar makarantar horon malamai da ke cikin jami'ar, wadda ake kira ENS, ita ke fitar da malaman kwalej da lise da masu duba aikinsu. Ta biyu, jarrabawar bak. Shekaru da dama jami'ar Yamai ce ke shirya ta, malamanta ne ake turowa su shugabanci alƙalan jarrabawa a garuruwa. Ta uku, aikin bautar ƙasa, wato sabis sibik: matashi ya gama jami'a, a turo shi ƙauye ya riƙe alli. Da yawanmu hannun irin waɗannan matasa muka fara jin lissafi da fizik.

Amma ku lura da abu guda. Duk igiyoyin nan, jami'a na aiko malami ne ko ta zo ranar hukunci. Malamin jami'a ya iso, ya kwana 'yan kwanaki, a kira sunayen waɗanda suka samu, ya shiga mota ya koma. Yaron da ke aji na uku a kwalej, wanda bai ma san ana karatun likitan dabbobi ko na ruwa ba, ba shi cikin lissafin kowa. Ni kaina da nake ajin ƙarshe na lise, ba wanda ya taɓa zuwa ya ce mana ga abin da ake karantawa, ga inda yake kai mutum. Ji-ta-ji-ta muka bi muka zaɓi fanni. Wani abokina ya rubuta sunan wani sashe don kawai yayansa na can, yana da tabbacin wurin kwana.

Maganar wurin kwana da kuɗin tallafi ba ƙarama ba ce a tarihin nan. Ranar 9 ga Fabrairu 1990, ɗalibai suka taso daga harabar jami'a za su ƙetare gadar Kenedi, suna ƙin matakan tsuke bakin aljihu da suka shafi karatu. Aka buɗe musu wuta, uku suka rasu. Har yau ƙungiyar ɗalibai ta USN na tunawa da ranar duk shekara. Ɗan talaka daga ƙauye, in babu burs, babu ɗaki, babu abincin jami'a, ko an buɗe masa ƙofa ba ya iya zama.

Daga 2008 jami'a ta fara matsowa kusa da jama'a. Aka buɗe cibiyoyin koyon fasaha a Maradi da Tawa da Damagaram, ƙarƙashin jami'ar Yamai. A 2010 aka maida su jami'o'i masu cin gashin kansu. A 2014 aka ƙara huɗu: Agadas, Difa, Doso da Tilaberi. Ta Tilaberi ita ce ke ɗauke da sunan Bubakar Ba, kuma noma da wadatar abinci ne ginshiƙinta. Wannan ci gaba ne, ba mai musu. Daga Dakar an dawo Yamai, daga Yamai an dawo babban birnin jiha. Sai dai ɗan Balayara ko ɗan Filinge da zai je Tilaberi, mafi yawa sai ya bi ta Yamai ɗin dai. Gini ya matso, hanyar yaro kuwa ba ta gajarta sosai ba.

Ina hanyar ke tsinkewa? Ba a ƙofar jami'a ba ne, tun can baya ne. Yaro ɗan shekara goma sha biyu ya samu shiga kwalej, a ɗauko shi daga ƙauye a ajiye gidan wani a gari. In mai masauki na da hali da tausayi, to. In babu, yaron ya zama ɗan aike, ranar Lahadi yana kasuwar Balayara yana jan akuya ko tura amalanke don ya samu na koko. Ɗiya mace kuwa, iyaye na tsoron barin ta gidan da ba su sani ba, sai a ce ta dawo, aure ya fi. Waɗanda suka jure suka kai lise, sai su tarar malaman lissafi da fizik ba su isa ba, ɗakin gwaji babu kayan aiki, dole su karkata wajen adabi ko suna so ko ba su so. Ga kuma rashin tsaro da ya rufe ɗaruruwan makarantu a jihar Tilaberi cikin 'yan shekarun nan, yara suka watsu tare da iyayensu.

Ba mu kaɗai muka taɓa shiga irin wannan hali ba. Maƙwabtanmu na arewacin Najeriya, da suka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya a 1962, sun tarar yaran Arewa da suka cika sharaɗin shiga ba su da yawa. Ba su zauna jira ba. A 1970 jami'ar ta buɗe makarantar share fage cikin harabarta, ta ɗauko yara daga sakandare ta shirya su da kanta. A 1976 aka kafa tsarin jarrabawar IJMB: kwalejojin jihohi na koyarwa, jami'ar na tsara darasi da jarrabawa, wanda ya ci ya shiga kai tsaye. Cibiyarta ta ilimi kuma ta riƙe hannun kwalejojin horon malamai shekara da shekaru. Har yau tana da makarantar share fage a Funtuwa, jihar Katsina. Likitoci da injiniyoyi da alƙalai da yawa na Arewa ta wannan ƙofa suka shiga.

A Faransa ma, makarantar Sciences Po ta Paris, wadda aka sani da ɗiyan manya, ta sa hannu a 2001 kan yarjejeniya da lise bakwai na unguwannin talakawa. Malaman lise ɗin ke shirya yaran, makarantar ta yi musu jarrabawa ta baki. Shekarar farko yara 17 suka shiga. An yi ta surutu cewa za a zubar da darajar makaranta, amma tsarin ya ɗore, ya ma yaɗu zuwa lise da yawa.

Mu koma gida. Arewa da Filinge akwai Tukunus, tashar kiwo da gwajin shanun Azawak. Malaman sashen noma na jami'ar Yamai da ɗalibansu sun daɗe suna zuwa can bincike. Hanyar da suke bi, ta tsakiyar Balayara ta ratsa, ta wuce ta Filinge. Ke nan jami'a ta san hanyar Kurfai sarai. In ana iya zuwa don saniya, ana iya tsayawa awa biyu a lise don yaran da iyayensu ke kiwon saniyar.

Abin da nake gani mai yiwuwa ne, kuma ba sai an jira kuɗin waje ba. Magadan gari da daraktocin lise da kwamitocin iyaye su nemi yarjejeniya rubutacciya da jami'ar Yamai da ta Tilaberi. A sa ranar da malaman jami'a za su zo su yi wa 'yan aji na uku da 'yan ajin ƙarshe bayanin fannoni. Darussan hutu da ɗalibanmu na jami'a suka saba yi wa ƙannensu kyauta, jami'a ta san da su, ta ba su takardar shaida. Masu koyon malanta a ENS a turo wasu gwajin aiki nan, kada duka su tsaya Yamai. A taimaki yaro cika takardun neman burs na hukumar ANAB tun yana lise, kada ranar ta wuce shi don bai ji ba. Kuma a fara da ɗiya mata, su da hanyarsu ta fi saurin tsinkewa.

Baba, amsar tambayarka ke nan: jami'a ta san sunan garinmu, ta san shanunmu, amma ba ta san ɗiyanmu ba tukuna. Zumunta a ƙafa take, kuma mu ma ba mu taɓa zuwa a ƙungiyance mun ƙwanƙwasa mata ƙofa ba. Ku 'yan Tagazar da Tondikanja da Imanan da Kurfai da kuka yi jami'a, wa ya nuna muku hanya? Ku faɗa mana, za mu karanta a shirinmu na gaba. Ita kuma ɗiyar Baba, Allah ya ba ta masauki na gari a Yamai, ya sa ta dawo ta riƙe hannun na baya. Sai mun ji daga gare ku.