Yadda Likitoci Suka Gano Sirrin Sha'awa

Wani manomi mai sauraronmu daga Funtua ya rubuto yana cewa: "Don Allah ku ba ni tarihin yadda aka gano abin da ke motsa jikin mutum lokacin saduwa da iyali. Kuma da gaske ne basir ke kashe ƙarfin namiji, kamar yadda masu magani ke shela ran kasuwa?"

To Malam, mun gode. Ai babu kunya a neman sani. Likitocin dauri, irin su Jalinusu Bagirke, sun ɗauka iska ce ke cika gaban namiji. Sai Leonardo da Vinci, mutumin Italiya wanda ya rasu a 1519, ya rubuta cewa jini ne.

A 1957 Dokta William Masters da Virginia Johnson suka soma bincike tare a birnin St. Louis na Amurka. Sun auna bugun zuciya da numfashi da gudun jinin mata 382 da maza 312. A littafinsu na 1966 suka ce jiki na bin matakai huɗu: motsuwar sha'awa, ƙaruwarta, inzali, sannan komawa daidai. Ita ma mace jinin ne ke taruwa a gabanta, ya kawo danshi. Shi namiji kuwa sai ya huta kafin ya sake motsawa, kuma hutun na ƙara tsawo da shekaru.

Daga baya aka gano cewa saƙo daga ƙwaƙwalwa ke sa jiki ya saki wata 'yar iska, wadda ke buɗe hanyoyin jini. Ka ga ashe Jalinusu bai yi nisa da gaskiya ba! Masana uku da suka gano aikin iskar a jijiyoyin jini sun sami lambar Nobel a 1998, shekarar da Viagra ya shigo kasuwa.

Saboda haka Malam, ka bar ɗora wa basir laifi. Kai manomi ne, ka san in magudana ta toshe ruwa ba ya isa kunya. Ciwon suga da hawan jini da shan taba su ke lalata hanyoyin jini, damuwa kuma ta tare saƙon. Sau da yawa raunin nan shi ne gargaɗin farko na ciwon zuciya. Kafin ka ba mai lasifika kuɗin masararka, je asibiti a auna ka. Mai shan maganin ciwon zuciya kuwa, kada ya kuskura ya sha ƙwayar ƙarin ƙarfi sai likita ya amince.

Allah ya ƙara lafiya.